Tatsuniya Cikin Waya: Koya wa Yaro Harshe Gwargwadon Ƙarfinsa

Tun shekarar 1976 da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika makarantu, har ya zama malami ɗaya kan tsaya gaban aji maƙil da ɗalibai. A irin wannan aji akwai yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali tun daga gida, akwai wanda bai taɓa riƙe littafi ba, akwai kuma wanda harshen da ake koyarwa da shi ba shi yake ji a bakin uwarsa ba. Malami ya rubuta jimla ɗaya a allo, kowa ya maimaita da ƙarfi. Mai wucewa ta bayan taga sai ya ce karatu ya kankama. Amma in aka ware yaro guda, aka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar jimlar, sau da yawa sai ya yi shiru. Hadda ya yi, ba karatu ba. Yaron da ya wuce aji uku a haka, lissafi da kimiyya duk za su gagare shi, domin ta ƙofar karatu ake shiga kowannensu.

Ɗaya daga cikin dabarun da malamai ke amfani da su a yau don maganin wannan matsala ita ce shirya labari a cikin waya ko kwamfuta. Ba wani abu ne mai wuya ba. Hoto ne da rubutu da murya ake haɗawa wuri ɗaya, shafi bayan shafi, su zama ɗan littafi wanda yaro zai gani, ya ji, ya kuma karanta.

Kayan aikin

Akwai manhajoji na kyauta da aka yi musamman domin wannan aiki. African Storybook shiri ne na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu. Yana ɗauke da labaran yara cikin harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa, an kasa su matakai biyar, daga na kalmomin farko zuwa dogon labarin da babba zai karanta wa yara. An yarda malami ya fassara labari ko ya sake masa fasali ba tare da ya biya kuɗi ba. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya shi ma haka yake. Sai kuma Bloom, wanda ƙungiyar SIL ta shirya. A cikinsa malami na iya ɗaukar muryarsa a kan kowace jimla, in an kunna littafin jimlar da ake karantawa ta haskaka, idon yaro ya riƙa bin kunnensa. A gida kuwa, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF da kamfanin Microsoft sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a shekarar 2022, inda aka tara darussan firamare da na sakandare.

Kowane yaro da nasa

Amfanin wannan hanya yana ga sauƙin canza labari. Littafin da aka buga a maɗaba'a, yadda ya fito haka zai tsufa. Na cikin waya kuwa, malami na iya mai da shi kashi uku a yammaci ɗaya. A ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Wanda ya fara sanin baƙaƙe a ba shi jimla ɗaya ƙarƙashin kowane hoto, da kalmomi masu gaɓa biyu irin su gida, rana, tuwo. Na tsakiya a ba shi jimla uku ko huɗu. Wanda ya yi nisa a ba shi labarin a cike, a tsaya kafin ƙurunƙus, a ce ya rubuta ƙarshensa da kansa. Dukkansu labari ɗaya suke karantawa, saboda haka babu wanda zai ji an mai da shi saniyar ware. Bloom yana da ma'aunin da ke nuna wa malami in jimla ta yi wa matakin tsawo, ko in ya sa kalma mai harafin da ba a koyar ba tukuna.

Muryar da aka ɗauka tana da wani amfani na musamman ga mai koyon Hausa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka kuka na jariri da kuka ta miya. Ɗan Hausa yakan gane daga ma'anar jimla, amma yaron da Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci ne harshen gidansu sai ya ji da kunnensa. Don haka ya fi kyau muryar ta zama ta mutum wanda ya iya harshen, malami ko uwa ko kaka. Muryar na'ura takan karya karin sauti, yaro kuma abin da ya ji shi zai riƙe.

Haka nan ɗan Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, wanda ke jin Hausa a gida, Yarbanci a unguwa, Turanci a makaranta. Ana iya shirya masa labari ɗaya da harsuna biyu a shafi guda, ya taka wanda ya sani ya hau wanda bai sani ba. Wannan ba sabon tunani ba ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga shekarar 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Mataki mafi daraja shi ne ranar da yaro ya shirya nasa labarin. Ya zana akuyar gidansu a takarda, malami ya ɗauki hoton zanen, yaro ya faɗi abin da ya faru, a rubuta da kalmominsa, sa'an nan ya karanta a ɗauki muryarsa. In an sake ɗauka bayan wata biyu aka kwatanta da ta farko, malami da uba za su ji da kunnensu ko an ci gaba.

Abin lura ga iyaye da malamai

Waya ɗaya ta isa ƙungiyar yara biyar ko shida in an tsara su bi da bi, sauran aji na aiki a kan allo da littafi. Inda intanet ba ta da ƙarfi, a sauke labaran tun da wuri, a karanta su ba tare da ita ba, ko a buga su a takarda. A sa wa wayar madannin Hausa domin ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai, kada yaro ya ga kasa inda ake nufin ƙasa. Kada a sa hoton fuskar yaro, ko cikakken sunansa, ko sunan makarantarsu a labarin da za a ɗora a intanet, kuma a nemi izinin iyaye kafin a ɗauki muryarsa. Bayan an kashe waya, a tambayi yaro ya ba da labarin da bakinsa, sa'an nan a rubuta masa kalma uku daga ciki a takarda, ba bisa jerin da suka zo ba, a ga ko zai karanta su.