Ku Bar Ƙwallon da Ba Taku Ba Ta Wuce

'Ya'yana masu riƙe sandar besbol, na ga yadda kuke dawowa benci kanku a ƙasa, mako na neman zama wata babu bugun kirki. Ku zauna mu yi magana. Wannan fari yana samun kowace ƙungiya, har manya. A shekarar 2022 Aaron Judge ya fitar da ƙwallo waje da fili sau 62, amma da Yankees ta New York ta gamu da Astros ta Houston a wasannin neman kambun rukuninsu, sau ɗaya ya samu bugu cikin tsayuwa 16. 'Yan ƙungiyar suka fita da kuskure uku-uku har sau 50 a wasa huɗu, aka share su. Ƙarfi bai ƙare musu ba, zaɓi ne ya lalace.

Abin da ke faruwa a irin wannan lokaci shi ne kowa ya ɗora wa kansa ceton ƙungiya da bugu ɗaya. Sai yaro ya zo bakin faranti ya riga ya yanke shawarar kai sanda tun ƙwallo tana hannun mai jifa. Shi kuwa mai jifa ba yaro ba ne, ya karanta fuskarka. Zai aiko maka da wadda take tahowa kamar za ta ratsa tsakiya, sai ta karkace ta faɗi ƙasa can nesa da gwiwarka. Ƙafarka ta gaba ta riga ta tafi, kanka ya juya, sanda ta sari iska, ƙura ta tashi. Da ka tsaya, alƙali da kansa zai ƙirga wa mai jifan laifi. Sauri ne ya haifi nawa.

Ku tuna faɗin farantin inci 17 ne kacal, daga tudun jifa kuma taku 60 da inci 6. Ƙwallo mai gudu ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso. Wanda bai san tun farko wace irin ƙwallo yake jira ba, ba zai sani ba a cikin wannan ƙiftawar ido.

Ted Williams na Boston, wanda ya kai matsakaicin bugu .406 a 1941, kuma har yau ba a sake kai .400 a kaka guda a manyan rukunan Amurka biyu ba, ya raba wurin da jifa ke halatta gida 77, kowane gida girman ƙwallo ɗaya. Ya san inda yake da ƙarfi, ya san lungun ƙasa na waje inda yake da rauni, kuma in ba dole ba, ba ya taɓa abin da ya bi ta lungun. Mutumin da ya fi kowa ido ke nan, amma ya fi kowa jira.

Kada kuma ku raina tafiya kyauta. Jifa huɗu a waje, ka ajiye sanda ka taka zuwa sansanin farko, ka bar wa na bayanka aiki. Wasu samari suna jin kunyar wannan, alhali mai jifa ne ya gaji, hannunsa ya yi nauyi, dole ya dawo tsakiya. Ba ina cewa ku daskare ba. In taku ta zo, ko ta farko ce, ku sauke mata.

Gobe wajen atisaye, kowa ya tsaya da sandarsa a kafaɗa lokacin da masu jifanku ke ɗumama hannu. Kada ya buga. Ya bi ƙwallo da ido tun daga yatsu har cikin safar mai kamawa, ya faɗa da baki ko ta ciki ce ko ta waje. Ku yi haka kullum kafin ku taɓa bugu, kuma wanda ya samu tafiya kyauta a wasa, ku tashi ku tafa masa kamar wanda ya buga. Allah ya yi muku albarka.