Kafin Ka Zuba Jari, Gano Hannun da Riba Ke Tsayawa

Mutum ya karɓi giratuti, ko ya sayar da fili, sai ya ce zai shiga harkar shinkafa. Ka tambaye shi dalili, ya ce ai kowa na cin shinkafa, kasuwarta ba ta mutuwa. Maganarsa gaskiya ce, amma iyakar abin da ta nuna shi ne kuɗi masu yawa suna bi ta harkar. Ba ta faɗi a hannun wa suke kwana ba. Daga fadamun Argungu ko Haɗeja ko Bunkure zuwa tukunyar uwargida, buhu ɗaya yana ratsa hannaye da dama, kowa ya taɓa kuɗi, wani ya tashi da riba, wani ya tashi da gajiya. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manyan masana'antun duniya ma haka suke. A 1998, Orit Gadiesh da James Gilbert na kamfanin Bain sun nuna a mujallar Harvard Business Review cewa a harkar motoci ta Amurka, masu ƙera mota da dilolinta su ke da kaso mafi tsoka na ciniki, alhali masu ba da hayar mota na dogon lokaci da masu inshora da masu lamuni sun fi su samu a kan kowace dala. A wayar hannu kuwa, Apple yana sayar da kusan ɗaya cikin biyar na wayoyin zamani a duniya, amma shekara da shekaru shi ke kwashe mafi yawan ribar harkar. Don haka aikin farko na mai jari shi ne ya kimanta yadda ribar harka ta rabu tsakanin masu yin ta. Ba sai da digiri ba. Littafin rubutu da biro da ƙafar yawo sun isa.

Fara da jera hannayen. A shinkafa akwai mai sayar da iri da taki da maganin feshi, da manomi, da ɗan sarin da ke bin kasuwannin ƙauye yana tara shanshera, da mai mota, da mai ajiya a sito, da mata masu gumi, da mai injin casa, ƙarami ne irin waɗanda suka cika garin Kura ko babban kamfani, da mai sayar da buhuna a Dawanau ko Singa, sai mai awo a kwano. Kada ka tsaya nan. Waɗanda ke gefen hanya su aka fi mantawa: mai buhun zuba kaya, mai gyaran inji da kayan gyaransa, mai sayen ɓuntu da dusa, mai sayar da injin ban ruwa. Sau da yawa a wurinsu ake tarar da abin mamaki, domin ba a rububin shiga sana'arsu.

Kowane hannu lamba biyu kake nema a kansa: yawan cinikin da ke bi ta wurinsa a shekara, da abin da ke rage masa a cikin kowace naira 100 bayan ya cire duk ɗawainiya. Sai dai kafin ka kwatanta wani da wani, mayar da komai ma'auni ɗaya. Nan ne mutane ke ruɗar kansu. Su ga kuɗin buhun shanshera, su ga na buhun casasshiya, su ce mai inji ya gama da duniya. Sun manta kilo 100 na shanshera ba ya wuce kilo 60 zuwa 65 na shinkafa idan an cashe, kusan kilo 20 ɓuntu ne, ragowar dusa da gutsattsari. Ga buhun ƙauye ba shi da tsayayyen nauyi, ga danshi da tsakuwa da ake saye da kuɗin shinkafa. Ka lissafa komai a kan kilo ɗaya na shinkafar da ta isa kwano.

Ta ina lambobin za su fito? Babu ɗan kasuwar da zai faɗa maka ribarsa, kuma bai kamata ka tambaye shi ba. Tambayi abin da yake kashewa, wannan kam zai ba ka labari har ka gaji: man gas, kuɗin wuta, lodi da sauke, leburori, abin da ake karɓa a hanya, asarar ƙwari da ɓera. Farashin da ya sayar kuma, je ka ji daga bakin wanda ya saya a hannunsa. Farashin da ya saya, ji daga wanda ya sayar masa. A kowane mataki ka zauna da mutum uku ko huɗu da ba su san juna ba, kuma ka tambayi farashin kaka da na bazara daban. Idan harkar tana da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, irin BUA Foods ko Dangote Cement, an sauƙaƙe maka, domin doka ta tilasta musu wallafa rahoton cinikinsu da ribarsu, kuma ana samun sa a intanet kyauta.

A wurin manomi ka yi taka-tsantsan. Yawancin manoma ba sa sa ƙarfinsu da na 'ya'yansu a lissafi, ba sa sa kuɗin hayar gonar da suka gada. Kai da za ka biya kowane aiki da kuɗi, dole ka sa su. Abin da manomi ke kira riba, wani lokaci ladan guminsa ne kawai.

Da ka gama, ka gwada lissafin. Haɗa ɗawainiya da ribar dukkan hannayen, ka ga ko sun kai farashin da mai awo ke sayarwa. Idan akwai babban giɓi, ko dai ka tsallake wani hannu, ko wani ya yi maka kukan talauci fiye da kima. Ka koma. Ba daidai-wa-daida kake nema ba. Ya isa ka iya cewa wannan mataki ya ninka wancan sau biyu ko uku.

Yanzu ga wurin da na fi so mai karatu ya daɗe. Riba a kan naira 100 ba ta da ma'ana sai ka san sau nawa kuɗin ke juyawa, da nawa aka binne kafin a fara. Mu ƙaddara mai sayar da buhuna yana samun naira 3 kacal a kan 100, amma yana juya jarinsa sau biyu a wata. A shekara ya samu 72. Mai ajiya kuma, mu ce ya samu 30 a kan 100, amma sau ɗaya a shekara, idan farashi ya yi masa yadda yake so. Wanda ake rainawa ya ninka wanda ake sha'awa. Haka batun inji. Kuɗin sayen injin shi ne ƙaramin abu. Babban abu shi ne jarin da za ka sayi shansherar da zai ci wata da watanni, domin injin da ke aiki wata huɗu ya kwanta wata takwas, albashi da gyara da haya suna cin sa yana kwance. Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, har da shekarar da tsutsar tuta absoluta ta cinye gonaki. Idan mai irin wannan ƙarfi ya gamu da matsalar abin da zai zuba wa inji, mai ƙaramin jari ya fara lissafi daga nan.

Idan ka gano matakin da riba ta taru, tambayi kanka me ya tsare ta a wurin. Riba ba ta zama inda kowa zai iya shiga gobe da safe. Dubi sana'ar POS: farkonta an samu, yau kusan kowane lungu akwai mai ita, an raba cinikin har ya yi siriri. Abin da ke riƙe riba shi ne abin da ba kowa ke da shi ba: suna da mutane suka amince da shi, ruwa a lokacin rani, wuta mai araha, sito mai kyau, ko kuɗi a hannu lokacin kaka da manomi ke matse. Idan ba ka iya nuna irin wannan shingen ba, ka ɗauka ribar da ka gani ta ɗan lokaci ce.

Kuma tana ƙaura, musamman a ƙasar da doka ke sauyawa da sauri. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, aka kuma ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Injinan casa suka yawaita a Kano, suka shiga rububin shanshera, ƙarfin ciniki ya koma hannun mai riƙe da ita. Sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ban ruwa ya yi tsada, manoman rani da yawa suka koma gas da hasken rana, kasuwar masu sayar da waɗannan kaya ta buɗe. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka tara kaya da tsada suka ji a jikinsu. Saboda haka ka yi lissafinka sau biyu: ɗaya da farashin yau, ɗaya kuma da farashin da ya faɗi da kashi 25 cikin 100. Matakin da bai nutse a lissafi na biyu ba, shi ya cancanci kuɗinka.

Game da ajiyar abinci, ina da magana ɗaya. Akwai bambanci tsakanin adana hatsi daga kaka zuwa bazara da ɓoye shi lokacin da jama'a ke cikin yunwa don ya ƙara tsada. Addini ya hana na biyun, hukuma ma ba ta ƙyale shi: a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ribar da za ta zo ta wannan hanya, kada ma ka sa ta a littafinka.

Yana iya zama matakin da ya fi riba ya fi ƙarfin aljihunka, ko ba ka san sirrinsa ba. To ka duba wanda ke yi wa masu wannan mataki hidima, ko ka haɗa jari da wanda ya daɗe a ciki, da yarjejeniya a rubuce da shaidu. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka, ka bi kaka ɗaya da bazara ɗaya kana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, sannan ka ɗora lambobinka na gaske a kan waɗanda ka kimanta tun farko kafin ka ƙara ko sisi.