Matatar Hayaƙi a Motocin Dizal da Baƙin Man da Ya Dace da Ita

Da yawa daga cikin motocin dizal da ake shigowa da su Nijeriya daga Turai suna zuwa da wata na'ura a cikin salansa wadda kanikawa suke kira DPF, watau matatar hayaƙi. Kamfanin Peugeot, wanda mutanenmu suka saba da motocinsa tun da aka fara harhaɗa su a Kaduna a 1975, shi ne ya sa ta a motarsa ƙirar 607 a shekarar 2000. Daga 2009 kuwa, da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki, sai ya zama da wuya a sayar da sabuwar ƙaramar motar dizal a Turai ba tare da ita ba.

Cikin matatar kamar saƙar zuma yake, an yi shi da wani irin tangaram mai jure zafi. Hayaƙi yakan ratsa bangon ƙananan ramukan ya wuce, kunkunniyar kuma ta maƙale. Matata mai lafiya tana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan baƙin gari. Idan ta fara cika, ƙwaƙwalwar motar takan ƙara ɗan dizal domin zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Amma fa ƙunar ba ta kammaluwa sai mota tana tafiya sosai. Motar da aikinta ke nan kullum jan ciki a cunkoson Nyanya da Mararraba, ko gajeriyar tafiya daga Wuse zuwa Garki, ba ta samun wannan zafi. Ba a jimawa sai fitilar gargaɗi ta kama, ƙarfin mota ya ragu.

A nan ne mai mota yakan nufi garejin kanikawa na Apo, a nan ne kuma sau da yawa akan ba shi shawarar da ta fi arha: a yanke salansa, a farfashe matatar a zubar, a yi walda, sa'an nan a gyara ƙwaƙwalwar motar don kada ta ƙara yin ƙorafi. Gaskiya ne motar takan ja bayan haka. Abin da ba a faɗa masa shi ne, kunkunniyar da a dā take ƙonewa a ciki yanzu tana fita ta bayan motar daidai tsayin hancin yaro mai talla da ɗan acaɓa da ke biye. Ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta ƙwarai, har sukan kai can ƙuryar huhu su shiga jini. Suna tayar da fuka, suna ƙara ciwon zuciya. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa hayaƙin dizal cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A Ingila, tun daga Fabrairun 2014, motar da aka cire wa matata ba ta cin gwajin shekara. A nan gida ma akwai dokokin hayaƙin motocin fetur da dizal na 2011, waɗanda hukumar NESREA take kula da su.

Ba za a ɗora wa kanikawa laifin duka ba, gama an ƙera matatar ne domin dizal mai tsabta. A Turai, farar wutar da ke cikin dizal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali ƙa'idar Nijeriya a dā ta yarda da kashi 3,000. A Abuja aka yi taro a Disambar 2016, lokacin da Amina Mohammed take Ministar Muhalli, inda Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a sauko zuwa kashi 50. Ministocin ECOWAS suka tabbatar da wannan adadi ga yankin duka a Wagadugu a Fabrairun 2020. Saboda haka mai irin wannan mota lalle ne ya sha mai a gidan mai sananne, ya guji na jarka.

Baƙin mai

Abin da ya fi kashe matata a ɓoye, wanda kuma yake hannun mai mota, shi ne baƙin mai. Kowane inji yakan ƙona ɗan baƙin mai, kuma sinadaran da ake zuba wa man don wanke inji sukan bar toka. Kunkunniya tana ƙonewa, toka kuwa ba ta ƙonewa ko da zafi ya kai ina. Taruwa take yi har ta toshe ramukan. Don haka aka yi mai na musamman mai ƙarancin toka.

Lambar da akan fara gani a jikin galan, kamar 5W-30 ko 15W-40, kaurin mai kaɗai take nunawa. Alamar toka tana baya, cikin ƙananan rubutu. Ga ƙananan motocin Turai, a nemi ACEA da harafin C: tokar C3 ba ta wuce kashi 0.8 cikin 100, ta C4 kuwa 0.5. Ga manyan motoci akwai API CJ-4 na 2006 da CK-4 na 2016, waɗanda tokarsu ba ta wuce kashi 1. Wasu motocin Japan suna neman JASO DL-1. Littafin motar ne zai faɗi wanda ya dace a cikinsu. Mai lamba A3/B4, ko da yake mai kyau ne ga tsofaffin injuna, tokarsa tana iya kaiwa kashi 1.6. Maganar da ake yi a tasha cewa ƙasarmu da zafi, sai mai kauri irin 20W-50, gadon motocin dā ce. A sabon inji mai tabo, irin wannan mai yakan yi jinkirin isa inda ake bukatarsa da safe.

Mai ƙarancin toka yana da nasa rauni. Ba ya daɗe yana jure tsamin da farar wuta take haifarwa, ga kuma ƙurar hunturu. Kamata ya yi a bi gajeren wa'adin juye da littafin ya ware wa aiki mai tsanani. A riƙa duba ma'auni kuma: idan mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, dizal ne yake zuba ciki saboda ƙunar da ake katsewa, sai a yi juye nan da nan. Wanda ya riga ya sayi motar da aka cire wa matata, shi ma kaurin da makera suka rubuta ne zai bi, domin injin bai canja ba.

Idan fitilar gargaɗi ta kama, matakin farko shi ne a hau babbar hanya, kamar ta filin jirgin sama ko ta Kubwa zuwa Zuba, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, a kan fiye da kilomita 60 a awa. In ba ta mutu ba, bakanike mai kwamfuta yana iya tilasta ƙunar, ya kuma duba nozul da tabo, don sau da yawa su ne asalin yawan hayaƙin. Matatar da toka ta cika ana kwance ta a wanke a mayar.

Mai shirin sayen motar dizal ta hannu kuwa, ya leƙa ƙarƙashinta ko akwai sabuwar walda a jikin tukunyar salansa, ya kuma shafa yatsa a cikin bakin bututun bayan ya huce. Idan yatsan ya fito baƙi ƙirin, matatar ta fashe ko an riga an cire ta.