Ƙwaro a Cikin Gawo, Rairayi a Cikin Korama

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itatuwa a Nijar, amma kula da manyan itatuwan da suka riga suka tsaya a gonaki ya fi dashe wuya, kuma a kansa ne ruwan gundumomin Magarya da Dungas ya dogara. Ƙasar nan jigawa ce da kwari: ruwan damina yana sauka a tudu, ya nutse cikin rairayi, sannan ya tsattsafo sannu a hankali zuwa kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu da rani. Duk filin da ruwansa ke gangarowa zuwa kwari ɗaya shi masana ke kira matattarar ruwa.

Gawo ne mai tsaron wannan matattara. Bayan farin 1973 da na 1984 manoma sun riƙa barin tohon itace idan suna sassabe, har wani bincike na 2006 ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 1 da ta farfaɗo a Magarya da Matamaye da Mirya, kuma mafi yawan itatuwan gawo ne. Saiwarsa tana huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, ganyen da yake zubarwa a bakin damina yana zama taki mai riƙe danshi. Misalinsa kamar uwargida ce mai tattali, wadda idan kaka ta yi ba ta barin hatsi ya watse a tsakar gida, sai ta zuba a rumbu ta toshe, ta riƙa ɗebo wa iyali da mudu har bazara ta wuce.

Babban haɗari shi ne mummunar sara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka daddatse rassan gawo da gatari a tsakiyar rani domin dabbobi, ko aka ɓare ɓawonsa, raunin yakan zama ƙofa ga ƙwari masu huda itace, waɗanda tsutsarsu ke cin hanyar da ruwa da abinci ke bi a ƙarƙashin ɓawo. Alamar ita ce ƙananan ramuka a jikin kututture, da garin itace a gindinsa, da reshen da ya bushe a lokacin da 'yan'uwansa ke kore shar. Daga nan gara ta ƙarasa aikin. Wanda ya ga wannan ya kau da kai, yana jiran itacen ya mutu ya samu makamashi, ya ci amanar da Allah ya ɗora masa, ya kuma cuci mai lambun da ke kwari wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Domin idan itatuwa suka mutu da yawa ƙasa takan daskare ta zama faƙo, ruwan da ya kamata ya nutse ya kwarara da ƙarfi, ya tsaga kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya binne tafki da rijiya.

Ko a ƙasashen duwatsu an ga aikin ƙwaro. A lardin British Columbia na Kanada wani ɗan ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya lalata daji fiye da hekta miliyan 18 tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma da inuwa ta ragu dusar ƙanƙara takan narke da wuri, ruwa ya sauko kafin lokacinsa.

Sauran abubuwan kiyayewa su ne ƙona kara a gindin itace, da yanke saiwa wajen huɗa, da fesa magani barkatai. A sare reshe da kaifi a bar wa itacen rabin ganyensa, a cire reshen da ya kamu a ƙona shi nesa, a kuma sanar da ma'aikatan gandun daji da mai gari tun ƙwaron yana kan itace ɗaya.