Tallafin Takin Zamani: Yadda Manomin Kurfai Zai Ci Moriyarsa

Ƴan'uwa manoma, ƙasarmu ta Kurfai, daga Shikal har zuwa Filinge, jigawa ce mai rairayi. Shekara da shekaru muna shibka hatsi da wake a cikinta ba hutu, har ta gaji. Gonar da ta gaji tana bukatar taki, amma takin zamani yana da tsada. Wannan ne dalilin tallafin gwamnati.

Mene ne tallafi?

A Nijar, tallafin taki ba kuɗi ba ne da ake ba manomi a hannu. Gwamnati ce take biyan wani kashi na kuɗin buhu, manomi ya cika sauran. Shekaru da dama ma'aikatar CAIMA ce take sayo taki daga waje, tana sayar da buhu mai kilo 50 a kan jikka 13 da rabi. Sai dai takin bai wadatar ba, kuma sau da yawa yakan iso bayan an gama shibka. A shekarar 2018 gwamnati ta amince da sabon tsari: ƴan kasuwa su shigo da taki, manoman da aka zaɓa su karɓi takardar rangwame.

Ƙa'idojin sukan canja. Saboda haka, tun da rani ku nemi bayani wurin malamin gona ko shugabannin ƙungiyarku. Ku adana takardar shaidar ɗan ƙasa. Kada ku sa hannu a kan takardar da ba ku karanta ba.

Yaya za a yi buhu ɗaya ya isa?

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun gwada wata dabara. Maimakon a watsa taki a gona duka, sai a zuba kaɗan cikin kowane ramin shibka. Idan DAP ne, giram 2 ya isa, wato abin da yatsu uku suke ɗauka. Idan NPK 15-15-15 ne, giram 6 ake sawa.

Ga lissafin. Eka ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, tana ɗaukar ramuka 10.000 idan an bar mita ɗaya tsakaninsu. Za ta ci kilo 20 na DAP. Ke nan buhu ɗaya zai isa eka biyu da rabi.

A yi hattara

A sa taki bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, domin a busasshiyar ƙasa yakan ƙone iri. A ci gaba da kai takin dabbobi gona, don na zamani ba ya maye gurbinsa. A ajiye buhu wurin da ba laima, nesa da abinci da yara. A wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Wasu sukan sayar da rabonsu a kasuwa saboda matsin lokacin bazara. Kuɗin kan ƙare cikin ƴan kwanaki, rumbu kuwa ya zauna da saura har wata kaka.

Tambayoyi

1. Wa yake biyan kuɗin takin tallafi?
2. Giram nawa na DAP ake sawa a rami ɗaya?
3. Kilo nawa eka biyu za su ci?