Idan Linux Ta Tsaya Tana Jiran Faifai

Masu shagon kwamfuta a Baure da Daura da suka ɗora Ubuntu ko Debian kan gamu da wannan matsala: a kunna na'ura, ta tsaya tana ƙirga daƙiƙa 90, daga nan ta faɗa yanayin gaggawa. Don Allah kada ku yi gaggawar goge komai, galibi bayananku suna nan. Yawanci systemd ne ke jiran wani faifai da aka rubuta a /etc/fstab, shi kuwa bai bayyana ba.

Ku fara da journalctl -xb, ku ga wanda ake jira. Sai ku buga blkid, ku gwada lambar UUID da ta fito da wadda ke cikin fstab. A nan aka fi samun tangarɗa: duk ɓangaren da aka sake yi wa fomat, musamman na swap, lambarsa takan canja, fstab kuwa tana riƙe da tsohuwar, sai ku sa sabuwar a madadinta. In fayil ɗin ya ƙi karɓar gyara, mount -o remount,rw / zai buɗe shi.

Faifan USB da ake zarewa a tafi da shi gida da yamma, ku ƙara masa nofail da x-systemd.device-timeout=10s a fstab, na'ura za ta tashi ko ba ya nan. Amma ban yarda a sa nofail a faifan ajiyar aikin kwastomomi ba, domin manhaja za ta iya zuba fayiloli a wurin da babu faifan, ba wanda ya lura.

In lambobin sun yi daidai, ku buɗe akwatin, ku kakkaɓe ƙurar hunturu, ku danna wayar SATA da kyau. In kun gyara fstab kuwa, kafin sake kunnawa, ku buga systemctl daemon-reload, sannan mount -a.