Baƙon Minjibir da Sanyin Hunturu

Idan aiki ya kawo ka Minjibir daga kudu, ko hidimar ƙasa ko gonar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Wasai, kar zafin rana ya yaudare ka. A Disamba da Janairu sanyin asuba har ƙashi yake shiga. Tanadi bargo da man kaɗanya tun kafin kaushi ya tsattsage maka dunduniya. Wanka kuma bari sai hantsi.

Abin da ya fi damuna shi ne kaskon wuta. Kar ka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. Kashe shi kafin barci, nesa da karan dawar da aka tara, domin lokacin gobara ne.